Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Kujerar Ta Wa Ce?

Akwai maganar da kan raba kan jama'a a majalisunmu na Wunti, daga bakin kasuwa har ƙofar gida bayan la'asar: mutum ya gama aikin gwamnati, ya ce shi karatun lauya zai koma. Wasu su ce madalla. Wasu su ce, "Haba Baba, a bar wa yara mana!" To, kafin mu yi dariya ko mu yi tafi, ya kamata mu auna abin da kyau.

Mu fara da lissafi. Ma'aikacin gwamnati kan ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki. Digirin lauya shekara 5 ne, ko 4 ga wanda aka ɗauka kai tsaye a aji biyu, kuma ba a yin sa jefi-jefi a ƙarshen mako, sai an zauna aji sosai. Dattijonmu zai tattara ya tafi Misau, inda tsangayar shari'a ta jami'ar jiharmu take, ko Jos, ko Bayero a Kano, ko Kongo a Zariya. In ya gama, saura Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, yau kuma take da hedikwata a Bwari da rassa irin na Bagauda da Yola. Kun ga ke nan, ranar da zai sa baƙar riga yana da shekara 65 ko 66.

Masu suka suna da hujja, kada mu raina ta. Hukumar da ke kula da ilimin lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Saboda haka kujerar da tsoho ya zauna, wani yaro ne bai samu ba, yaron da watakila zai yi shekara 40 yana aiki da ita. Ga kuma kuɗi. Ɗan abin sallamar da aka jira shekara da shekaru, shi ne kuɗin makarantar 'ya'ya, shi ne na auren 'yan mata, shi ne na magani. Wanda ya kwashe shi don kawai a riƙa ce masa Barista a wajen ɗaurin aure, gaskiya bai kyauta wa iyalinsa ba.

Duk da haka, mu dai ba mu yarda cewa shekaru su ne ma'auni ba. Janar Yakubu Gowon ya koma aji a Jami'ar Warwick ta Ingila bayan an sauke shi a 1975. Cif Obasanjo ya kammala digirinsa na uku a 2017, yana da shekara 80. Ba lauya suka karanta ba, amma sun nuna furfura ba ta toshe kai. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: in an samo ilimin, wa zai amfana?

Mu dubi unguwarmu. Gwauruwar da aka danne wa gādo, ɗan kasuwar da aka tasa daga rumfa ba sanarwa, wanda ya sayi fili da takardar da aka sayar wa mutum uku, tsohon masinjan da fayil ɗin fanshonsa ya yi ɓatan dabo. Yawancinsu ba za su iya biyan lauya ba. Matashin lauya kuwa ba laifinsa ba ne in ya bi inda kuɗi suke, ai shi ma yanzu yake gina gida. Amma dattijon da ya yi shekara 35 a ma'aikata ya san yadda fayil ke tafiya da inda yake kwana. Ya san iyayen masu rigimar, ana jin nauyinsa. In ya haɗa wannan da sanin doka, musamman in ya karanta har da shari'ar Musulunci kamar yadda ake koyarwa a Kano da Zariya, rigingimu da yawa a zaure za su mutu, ba sai an kai kotu an ɓata zumunci ba.

Don haka ga matsayarmu. Dattijon da ya sauke haƙƙin iyalinsa, ya ci jarrabawa da guminsa ba tare da an ɗaga masa ƙafa ba, kujerar halaliyarsa ce. Sai dai ya sani fa, bashi ya ci. Yaron da ya rasa gurbin nan yana bin sa, hanyar biya kuwa ita ce ya buɗe ƙofarsa ga marasa gata, ya kuma ja matasan lauyoyi a jiki.

Mu kuma da ke zaune a majalisa, in wani baba ya ce zai koma makaranta, kada mu tambaye shi shekarunsa. Mu tambaye shi wa zai tsaya wa in ya dawo. In amsarsa ta gamsar, mu yi masa rakiya har tasha, mu yi masa fatan alheri.