Kwalbar Lemon Da Aka Hana Mai Ciwon Suga

Wata safiyar Asabar, a filin wata makarantar firamare inda dattawan unguwa ke zagaye bayan sallar Asuba, wani magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya ya tsaya cak. Gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na karkarwa, harshensa ya fara sarƙewa. Ya zauna a ƙasa, ya nuna shagon da ke bakin ƙofa, ya ce a ba shi lemo. Yaron shago har ya buɗe kwalba, sai wani abokin zagayensa ya riƙe masa hannu: "Kai, kashe shi za ka yi? Alhaji fa mai ciwon suga ne!" Aka mayar da kwalbar. Wani na fifita, wani na tofa addu'a, wani na cewa hawan jini ne, wani na cewa iska ce ta buge shi, har bawan Allah ya sume. A asibiti aka auna aka ga suga ya faɗi warwas. Aka ɗaura masa ruwan gulukos, Allah Ya sa yana da sauran kwana.

Mai wannan rubutu ya kasa cire kwalbar nan daga ransa. Magani yana hannun yaro, a buɗe, marar lafiya da bakinsa ya roƙa, amma manya masu furfura suka hana shi, kuma da sunan ƙauna. Innalillahi!

Jama'a sun haddace abu ɗaya tak: mai ciwon suga ba ya shan zaƙi. Daga nan karatun ya tsaya. Ba wanda ya damu ya san cewa suga yana sauka kamar yadda yake hawa, kuma saukarsa ta fi saurin kai mutum ƙasa. Idan awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, an shiga hatsari. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take, shi ya sa mutum yake ruɗewa, ya yi ta sambatu, ya sume. Motsa jiki kuwa yana sa tsoka ta zuƙi suga daga jini, kuma aikin nan yana iya ci gaba har awa 24 bayan an gama, har ya kayar da mutum cikin barcin dare. Alhajin nan ya sha ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, ya fito ba tare da ya karya ba. Ita da allurar insulin su ne kan gaba wajen faɗar da suga. Metformin ita kaɗai ba kasafai take yin haka ba. Ko ɗaya daga cikin mutanen da suka kewaye shi bai san wannan ba, shi kansa bai sani ba.

To wa ya sayar masa da ƙwayar? Mai kemis ya miƙa, ya karɓi kuɗi, bai ce masa "Alhaji, kada ka sha ka fita da wofin ciki" ba. Haka ake sayar da ita a lunguna, ba takardar likita, ba tambaya. A ji tsoron Allah. Masu tallan magani da lasifika a bakin kasuwa kuma suna rantsuwa cewa garinsu yana kashe suga har abada, mutum ya haɗa da na asibiti ya sha, bai san abin da ya zuba wa cikinsa ba. Ga malaman WhatsApp da ke tura saƙon a yi gudu da yunwa don ƙone suga, sai ka ce su za a tambaya ranar da aka ɗauko mutum a sume.

Masu ciwon ma suna da nasu. Da yawa suna ɓoye shi tamkar abin kunya, har matar mutum ba ta san sunan maganinsa ba. A sayi wayar dubu ɗari biyu, a ce na'urar awon suga ta yi tsada. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Waɗanda Allah Ya sa suka sani, ina amfanin sanin idan aljihu ba ko dabino ɗaya?

Abin da ya fi ƙona rai shi ne abin da ya biyo baya. Iyalan Alhaji suka yanke hukunci: daga yau ba fita, ya zauna a tabarma ya huta. An hana shi lemo a lokacin da lemo ne magani, yanzu kuma an hana shi tafiyar da likitoci ke roƙon mai ciwon suga ya yi, aƙalla minti 150 a mako. Matasan gidan suna kwana a gidan kallon ƙwallo, sun ga Nacho ya ɗaga kofin Zakarun Turai a Wembley a 2024 yana kyaftin ɗin Real Madrid. Tun yana ɗan shekara 12 aka gano yana da ciwon suga mai buƙatar insulin. Steve Redgrave na Ingila ya ci zinarensa na biyar a tseren kwalekwale a Olamfik na Sydney a 2000, shekara uku bayan an tabbatar masa da ciwon. Waɗannan da awo da lissafin abinci suka kai inda suka kai. Alhaji kuwa zagayen filin firamare ma an haramta masa, saboda jahilcin waɗanda suka riƙe hannun yaron shago.

Don girman Allah a kula da masu azumin Litinin da Alhamis da ke fita zagaye da yamma, da masu doguwar Tahajjud a goman ƙarshe na watan azumi, domin ita ma motsa jiki ce. Likitoci da malamai sun haɗu a kan cewa idan suga ya sauka ƙasa da 70 a karya azumi nan take. Addinin da ya yi wa marar lafiya rangwame bai nemi kowa ya halaka kansa ba, kuma tawakkali bai taɓa hana awo ba.

A auna kafin a fita. Idan bai kai 100 ba kuma ana kan insulin ko Daonil, a ɗan ci wani abu tukuna, idan ya haura 250 a dakata a nemi likita. Wanda karkarwa da gumi suka kama, matuƙar yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari huɗu ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya riga ya sume, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota ko Keke Napep, a faɗa wa ma'aikacin asibiti na farko da aka tarar sunan maganin da yake sha.