Laifi Tudu Ne: Wa Zai Faɗa Wa Mai Gona Gaskiya?

Noman masara da auduga a tsakanin Gozaki da Kafur, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, ya daɗe da wuce aikin magidanci da 'ya'yansa kaɗai. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da tallafin Bankin Duniya tare da na Gusau da Gombe, ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri. A yau manyan gonakinmu hawa-hawa ne: mai gona yana birni, manaja yana ƙauye, sai direban tarakta, mai feshi da 'yan ƙwadago. In abu ya ɓaci, laifi gangarowa yake yi har ya tsaya kan wanda ba shi da na ƙasa da shi.

Mu ɗauki tsutsar nan mai cin masara, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Nijeriya a 2016. Kashe ta ya fi sauƙi tana ƙarama, kafin ta shige can cikin tsakiyar ganye inda magani ba ya kai mata sosai. Wanda zai fara ganinta shi ne ɗan ƙwadagon da ke duƙe a kunya. To, in bara a gabansa aka zaftare kuɗin wanda ya kawo irin wannan labari, bana bakinsa zai kama. Shi ma manaja, in Alhaji ya bugo waya, amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Sai ranar ƙirga buhuna gaskiya ta fito, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Mukan ɗauka na ƙasa kaɗai wannan hali ke cuta, alhali manaja ma yana ɗanɗana kuɗarsa. Lokacin da ya kamata ya yi yana zagaya gona, neman shaidar da zai wanke kansa yake yi. Ba ya iya sayen ko kwalbar magani sai ya jira izini, don kada gobe a ce shi ne. Ƙwararrun ma'aikata kuwa, da yake da damina kowa nemansu yake, sai su koma wata gona, a bar shi da masu cewa "to" ga komai.

Wani zai ce, in an daina kama laifi ai sakaci zai yi yawa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma akwai bambanci tsakanin cin amana da kuskure. Wanda ya karkatar da buhun taki zuwa kasuwa ya cancanci hukunci. Wanda ya haɗa magani ba daidai ba, don bayanin jikin kwalbar da Turanci yake kuma ba wanda ya fassara masa, abin tambaya a nan shi ne wa ya ba shi aikin bai koya masa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A masana'antun motoci na Toyota a Japan, kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsayar da layin aiki in ya ga matsala, shugabansa ya zo ya taimaka. Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. A tsarin gandu, maigida ke ba da umarni, kuma shi ke samo iri da garma, shi ke biyan haraji, in shekara ta yi muni shi ke neman abin da gida zai ci. Iko da ɗaukar nauyi a wuya ɗaya suke. Abin da ya lalace a wuraren aikinmu shi ne iko ya zauna a sama, nauyi ya koma ƙasa.

Saboda haka in yaro ya zo da ganyen masara duk huji a hannunsa, kafin manaja ya tambayi wa ya yi sakaci, ya fara ce masa sannu da ƙoƙari, su tafi tare ya nuna masa kunyar da ya gani.