Amana Daga Kwabo Take Farawa

Karatun safiya: 2 Sarakuna 12:4-15, Luka 16:10-12

Har zuwa shekara ta 23 ta sarautar Yowash, Haikalin Ubangiji a Urushalima yana nan da tsattsagewarsa. Jama'a suna kawo kuɗi, sarki ya riga ya ba da umarnin gyara, amma aiki shiru. Da sarki ya kira firistoci ya nemi jin dalili, sai Yehoyada firist ya ɗauko akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In kuɗi sun taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare, su ƙirga, su ɗaure a jakunkuna, su miƙa wa masu lura da aikin. Su kuma su biya kafintoci da magina da masu sassaƙa dutse, su sayo katako. Aya ta 15 ta nuna mana cewa ba a taɓa neman waɗannan mutane su kawo lissafi ba, saboda an san su da aminci. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma a hannunsu gidan Allah ya gyaru.

Irin waɗannan mutane ba su ƙare a duniya ba. Kakanmu, wanda Ubangiji ya kira gida cikin tsufa mai kyau, yana cikinsu. Ya fara aiki a baitulmalin En'e tun ana kashe fam da sule, lokacin da kwabo 12 ne sule, sule 20 kuma fam. Da ka da alƙalami yake tara lissafi, layi bayan layi. Da naira ta shigo a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, yana cikin waɗanda suka zauna suka juya littattafai zuwa sabon kuɗi. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ci gaba da aikin akanta har ya yi ritaya. Kakarmu ta sha ba mu labarin ƙarshen wata: in littafi ya ƙi daidaita, ko da sisi ne, ba ya dawowa gida sai ya gano inda ya maƙale. Yakan ce, "Sisin da ya ɓace ba shi ne damuwata ba. Ƙofar da ya bi ya fita nake nema."

Wasu 'yan uwa sun yi masa gori, wai ya yi shekaru a kan kuɗi ya tashi hannu rabbana. Bai taɓa mayar musu da magana ba. Gidansa na ƙasa ne da rufin kwano, fanshonsa kuma ba ya kai wata sai da dabara. Amma da ikkilisiya ta nemi ma'aji, baki ɗaya shi aka nuna. A nan ma bai yarda ya ƙirga baiko shi kaɗai ba. Bayan sujada sai ya kira wani dattijo da matashi ɗaya, a ƙirga tare, kowa ya sa hannu. In an ce, "Haba Baba, ai mun yarda da kai," sai ya ce, "Yardar ce nake tsarewa." Ya lura da abin da mukan tsallake a karatunmu na yau: mutum biyu ne suke buɗe akwatin. Manzo Bulus ma, da zai kai gudunmawa ga masu bi na Urushalima, ya sa 'yan uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa cikin tafiyar don kada a sami abin zargi. Mai gaskiya ba ya jin haushin a duba aikinsa.

Mu jikokinsa a kan tabarma muka koyi wannan. Wata rana ya aiki ƙanwata sayen sabulu. Ta dawo ta zube canji a gabansa, ya jera kuɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga mai kanti ya yi kuskure ya ƙara mata. Ya dube ta ya ce, "Amaryata, wannan ba namu ba ne." Ya sa takalminsa, ya ɗauki sandarsa, ya riƙe hannunta suka koma cikin zafin rana. Ita ya sa ta miƙa kuɗin da hannunta. A hanyar dawowa ya tsaya wurin mai ƙosai ya saya mata daga aljihunsa. Bai yi mata wa'azi ba, amma yau ita ce ke riƙe adashen matan unguwarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan jana'izarsa aka buɗe akwatinsa, aka tarar da wani littafi mai baƙin bango. Kowane jika da shafinsa: kuɗin makaranta, takalmi, maganin zazzaɓi, kuɗin mota ran komawa makaranta. A ƙasan kowane shafi ya rubuta abin da yake roƙa wa mai shafin a wurin Allah, da kwanan wata, in an amsa kuma ya ja layi da jan biro. Babu inda ya rubuta abin da za mu biya shi. Ya ɗauke mu amana ce da Allah ya danƙa masa, ya riƙe mu yadda ya riƙe baitulmali.

Yesu ya koya mana a Luka 16 cewa halin mutum a kan ƙaramin abu shi ne halinsa a kan babba. Kafin rana ta faɗi yau, ƙaramin abin zai iso gare ka: canjin cefane, awon mudu, lokacin aikin da ake biyanka dominsa, kuɗin da aka turo asusunka bisa kuskure, bashin da mai shi ya ji nauyin tambaya, yaron da ke kallon yadda kake yi. Rayuwa ta yi tsada, jaraba kuma gaskiya ce. Amma kowannenmu zai ba da lissafin kansa ga Allah. In ka duba littafinka ka ga giɓi, kada ka ɓoye. Almasihu ya riga ya soke takardar bashin da ke kanmu a kan gicciye, shi ya sa za ka iya zuwa gabansa a fili, ka tuba, ka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Abin bimbini: Wace amana ce ke hannunka yau da ba mai bincika ta sai Allah? Akwai abin wani da ya kamata ka mayar kafin dare?

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin iyaye da kakanni da suka bi ka da aminci a gabanmu. Ka tsarkake hannuwanmu a kasuwa, a ofis, a gona da cikin gida. Ka ba mu ƙarfin hali mu gyara inda muka karkace, ka kuma sa 'ya'yanmu da jikokinmu su ga gaskiya a wurinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.