Fulotai Shida na Ƙarshe

An yi wani matashi mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda Allah ya buɗa wa kasuwa. Ganin abokansa suna juya kuɗi a harkar filaye, shi ma ya ɗaura niyya. Wani dillali ya kai shi wata gona ta wajen Kumbotso, ya haɗa shi da wani dattijo da ya ce wurin mahaifinsa ya gaje ta. Aka yi ciniki, mai unguwa da shaidu suka sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa.

Da daddare matashin ya kai wa kawunsa takardar, wanda tsohon ma'aikacin safiyo ne. Kawu ya karanta a tsanake, ya ɗago kai.

"Ɗana, an raba gadon nan kuwa?"

"Kawu, ai mai unguwa ya sa hannu."

"Mai unguwa shaida ne, ba mai ƙasa ba. Tun da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Ka je hukumar filaye ta KANGIS a duba maka ko an taɓa ba wani takardar mallakar wurin. Sannan ka tara magadan nan, maza da mata, ka ji daga bakinsu."

Ya ce to, amma bai je ba. Ya sa aka yanka gonar fuloti ashirin, awon igiya, kafin damina ya sayar da goma sha huɗu.

Ana nan sai ga sammaci daga kotun Musulunci. Ashe dattijon yana da ƙanne mata uku, kuma ba a taɓa raba gadon ba. Alƙali ya ba da umarni kada a sayar, kada a yi gini, sai an gama shari'a. Matashin yana zaune a kotun aka karanta umarnin.

Har zuwa wannan rana shi ne wanda aka cuta, kuma duk mai adalci zai tausaya masa. Asara ce ta same shi, doka kuwa ba ta ɗaure mutum don ya yi asara. Sai dai bashin diloli ya taso shi a gaba a kasuwa. Dillalin nan ya sake dawowa: "Alhaji, shari'ar gado shekaru take ɗauka. Ka sayar da shidan da suka rage ka rufa wa kanka asiri, in an gama a sasanta."

Ya sayar. Cikin masu sayen akwai wata malamar firamare da ta zo da kuɗin garatutinta, tana son gina wa marayunta ɗaki biyu. Ta tambaye shi, "Alhaji, babu rigima a kansa ko?" Ya ce, "Wallahi Hajiya babu." Haka kuma aka rubuta a takardar ciniki.

Da kotu ta raba gado, yawancin gonar ya faɗa rabon matan, har da fulotin malamar. Masu saye suka kai ƙara hukumar EFCC.

Lauyan matashin bai ɓoye masa komai ba. Mutum goma sha huɗun farko, in ji shi, bashi suke bin ka, domin lokacin da ka karɓi kuɗinsu kai ma ka yarda gonar taka ce. Shidan ƙarshe kuwa ka karɓi kuɗinsu kana sane da umarnin kotu, ka kuma ce musu babu rigima. Wannan damfara ce, kuma dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara.

A babbar kotu, masu gabatar da ƙara ba su sha wahala ba. Takarda biyu suka ajiye: umarnin alƙali da takardar malamar, kowacce da kwanan watanta. Dillalin da ya ba shi shawara shi ne ya tsaya ya ba da shaida a kansa. Aka yanke masa shekara 7, tare da umarnin ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Kawu ya je wurinsa a gidan yarin Kurmawa, bai yi masa gori ba. Ya ce, "Ɗana, ka sa hannu a sayar da shagon." Da kuɗin suka shigo, malamar Kawu ya fara nema har gida, ya ƙirga mata nata cif, ya roƙe ta gafara a madadin ɗan ƙanwarsa, sannan ya shiga neman sauran.