Makullin Maƙwabci da Kwanon Kirsimeti

Disamba ta kama, hunturu ya leƙo Agege, kowa da irin hutunsa. Maƙwabtanmu Ibo sun rufe shaguna, motocin Anacha da Aba cike maƙil. A gidan Bayarabe, Musulmi da Kirista kan ci a faranti ɗaya. Wani kuma ba coci ba masallaci, hutunsa kawai ya zauna da iyalinsa.

Duk shekara sai an tambaye mu: maƙwabci ya aiko da shinkafa ran 25 ga wata, mu karɓa ko mu mayar? Batun taya murna malamai sun yi saɓani, wannan sai Liman. Amma mu duba: sau da yawa irin maƙwabtan nan ne ke barin mana makullin shago, su ce mu sa ido har Janairu. Sun amince mana da dukiyarsu, mu kuma mu kori ɗansu da kwano a hannu?

Lokacin Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali ba su yi imani da shi ba. Ashe haƙƙin mutum bai jira sai addini ya zo ɗaya.

Ba ma shiga ibadarsu, su ma ba sa zuwa Idi, amma naman layyarmu yana shiga gidajensu. In akwai abin da ba ma ci, mu faɗa cikin mutunci, mu yi godiya. Makulli kuwa ya koma yadda aka ba mu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.

Sakataren Masallaci