Shaidar Matafiyi A Kan Mutanen Da Ba Addininsa Ba



'Yan'uwa Musulmi, fatakenmu da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sukan komo da labari iri biyu. Wani ya ce ai mutanen can sun fi mu kome, wani ya ce mutanen da ke cin alade da kare wane alheri za a samu wurinsu? Tambayar ita ce: yabon halin kirki na wanda ba Musulmi ba yana rage imani? Kushe shi kuwa yana ƙara shi?

An riga mu shiga wannan matsala. Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Ɗanja ta Maroko, wanda ya ratsa Takedda ta yankin Agadas a 1353, ya sauka tashar Zaitun ta Sin wajen 1345. Malami ne, Bamalike, har ya yi alƙalci a Delhi. Masu tarihi suna jayayya ko ya kai har babban birnin ƙasar, amma ba wannan ne abin dubawarmu ba. Yadda ya ba da shaida muke so mu duba.

Ya faɗa cewa ba ƙasar da ta fi Sin aminci ga matafiyi, mutum na iya tafiyar wata tara shi kaɗai da dukiya mai yawa ba ya jin tsoro. Ya kuma bayyana dalili. A kowane zango akwai masauki da jami'i. Da dare a rubuta sunayen baƙi a kulle ƙofa, da safe a kira su ɗaya ɗaya, a haɗa su da ɗan rakiya wanda zai komo da takardar shaidar sun isa zango na gaba. In ɗan kasuwa Musulmi ya sauka, akan ƙidaya kuɗinsa a danƙa wa mai masaukinsa, in wani abu ya salwanta shi zai biya. A Sin Kalan, watau Guangzhou ɗin nan da muke zuwa, ya ba da labarin wani babban ɗakin bautarsu inda ake ciyad da makafi da guragu da tsofaffi da marayu, ana tufatar da su daga dukiyar da aka keɓe. Jama'a, amana da wakafi ke nan a hannun waɗanda ba su karanta Risala ba.

Duk da haka mutumin nan bai ɓoye ba cewa ƙasar ba ta kwanta masa a rai ba. Rinjayen kafirci ya dame shi har yakan zauna gida, ba ya fita sai da larura, in ya ga Musulmi sai ya ji kamar ya gamu da danginsa. Abin lura shi ne ƙuncin zuciyarsa bai sa ya tauye musu mudu ba, yabonsu kuma bai taɓa aƙidarsa ba. Wannan shi ne abin da aya ta 8 ta Suratul Ma'ida take nema: kada ƙin wasu mutane ya hana a yi musu adalci. Ba ma bukatar hadisin nan na neman ilmi har Sin, wanda malamai irin su Ibnul Jauzi ba su inganta shi ba.

Sai dai adalci kaifi biyu gare shi. Wanda ya yabi tsari da jirage masu sauri, wajibi ne ya ambaci Musulmin Uigur na Xinjiang, waɗanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2022 ya ce an keta haƙƙinsu ƙwarai, ko da yake gwamnatin Sin ta musa. Ibn Baɗɗuɗa kansa ya lura ana zana surar kowane baƙo, don in ya yi laifi a baza ta a kamo shi. Idon da ke tsaron mutum shi ne ke tsare shi.

Akwai kuma shaidar zur da ake yi a kasuwanninmu kullum. Ɗan kasuwa ya tafi masana'anta, a nuna masa mai kyau da na tsakiya da na banza, ya zaɓi na banza da bakinsa, ya sa a buga masa sunan mai kyau. In kaya ya lalace a hannun talaka, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, ai ka san ɗan Sin. Wanda ya ƙera yana da nasa alhaki, babu shakka. Amma wanda ya yi oda ya haɗa laifi biyu: algus ga ɗan'uwansa, da ƙazafi ga al'umma guda wadda ba ta nan balle ta kare kanta.