Kada Gatari Ya Cinye Gonar Jikokinmu



Littafin Farawa ya koya mana cewa Ubangiji Allah ya danƙa wa Adamu gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mu kuwa mun riƙe noman, mun saki kiyayewar. A ƙasar Bafarawa da Isa da Sabon Birni, manomi yakan sare itatuwa don ƙara gona. Iska ta kwashe ƙasa, amfani ya ragu, sai ya sake ɗaukar gatari.

A 2015 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Amma hukuma ba za ta bi kowa gona ba. Tun shekarun 1980 maƙwabtanmu na Maraɗi suke barin tohon kututture lokacin sassabe, suna renonsa har ya zama itace. Ku dubi gawo: da damina yakan zubar da ganye, gero ya sami taki da hasken rana.

Bana kowane magidanci ya reni toho a gonarsa. Ƙasa amana ce, Mai ita kuwa zai tambaye mu. Ubangiji ya ba mu alherin riƙon amana. Amin.